Barin nama da nono a ƙasar mandi: jagora ga Bahaushen Saudiyya

A Makka ko Jidda, in ka ce wa ɗan'uwanka Bahaushe ka daina cin nama, ɗayan biyu zai ɗauka: ko likita ya hana ka, ko aljihu ya yi sanyi. In ka ƙara da cewa har kifi da ƙwai da nono da man shanu ka ajiye, kuma ba wanda ya tilasta ka, sai ya soma neman lambar mai ruƙiyya. Wannan tsarin cin abinci shi Turawa ke kira vegan, Larabawan nan su ce nabati sirf: mutum ya tsaya a kan abin da ƙasa ta tsirar, ya bar duk abin da ya fito daga jikin dabba. A Ingila aka kafa ƙungiyarsu a 1944, wani Donald Watson na cikin waɗanda suka assasa ta, a nan Saudiyya kuwa wanda aka fi sani da abin shi ne Yarima Khalid ɗan Alwalid bin Talal. Ni ba yarima ba ne. Albashi nake jira a ƙarshen wata, a bufiya, wato ɗan shagon abinci, nake karin safe, kuma gidanmu gida ne da ake kayar da rago in an yi baƙo na kirki. Don mai irin wannan rayuwa na rubuta abin da ke tafe.

In faɗi matsayina tun wuri don kada a yi mini fassara. Cimar na ɗauka, ban ɗauki aƙidar duka ba. Masu tsananta abin a Turai suna ganin yanka dabba zalunci ne ko ta wace hanya aka yi shi; ni Musulmi ne, ban yarda da haka ba. Abin da ya tura ni shi ne ciwon suga da hawan jini da suka yi wa danginmu katutu, da kuma yawan naman da muke ɗura wa cikinmu a ƙasar nan. A gida Najeriya ko Nijar tsoka ɗaya ko biyu ake tsoma wa mutum a miya, ya ci ya gode. A nan rabin kaza ce kason mutum ɗaya da rana, da dare a bi da shawarma ko burost, wato soyayyiyar kaza, daren Juma'a kuma a sauka wurin mai tsire. A 2015 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sarrafaffen nama, irin su martadela da sosej, cikin abubuwan da ke jawo kansa, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Ga kajin gona da ake yankawa suna da sati biyar ko shida a duniya, a cunkushe tun daga ƙyanƙyasa. Duk wanda ya taɓa watsa wa kaza tsaba a tsakar gida ya san wannan ba shi ake kira kiwo ba.

Gyara niyya kafin ka taɓa tukunya

Nama halal ne, nono da zuma kuwa Alƙur'ani ya ambace su a Suratun Nahli cikin jerin ni'imomi. Aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ta hana muminai haramta kyawawan abubuwan da Allah Ya halatta musu. A Sahihu Muslim akwai labarin sahabban da ɗayansu ya ce ba zai ƙara cin nama ba, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba, sai Manzon Allah (SAW) ya tsawatar, ya ce wanda ya juya wa sunnarsa baya ba ya tare da shi. Saboda haka duk wanda ya bar nama yana ganin hakan ibada ce, ko yana ganin ya fi mahauci tausayi, ya shiga hurumi mai haɗari, kuma ba da shi nake ba.

Amma ƙin cin abu daban, haramta shi daban. An kawo wa Annabi (SAW) damo, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Wannan hadisi, da ke cikin Bukhari da Muslim, shi ne madogarata: mai ƙin ci bai hana ba, mai ci bai tilasta ba, kuma a zama ɗaya suke. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma an ruwaito Sayyadina Umar yana gargaɗi a kan nama, cewa yana da jaraba irin ta giya. 'Yan nabati na son kawo hadisin Nana A'isha na cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, sai dabino da ruwa. Gaskiya ne, amma rashi ne ya kawo hakan, kuma a cikin hadisin nan dai an ce maƙwabta Ansar kan aiko da nono. Kada ka ja nassi ya kai inda bai kai ba. Koyi faɗar "ba na ci", ka bar "bai kamata a ci ba". In da sauran shakka a ranka, ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ka fara.

Je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a ɗebi jininka

Wannan mataki gajere ne, amma kada ka tsallake shi. Nemi a auna maka yawan jini, da ma'ajiyar sinadarin ƙarfe da ake kira feritin, da bitamin B12, da bitamin D, da sugan wata uku da suke cewa tarakumi. Ajiye takardar, da ita za ka gwada sakamakon gaba. In kana da ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko kai sikila ne, ko ke mai juna biyu ce ko mai shayarwa, to da likita za a tsara abin, ba da rubutun intanet ba, har da wannan. Sannan ka tambaya ko kana da ƙarancin sinadarin G6PD. Larura ce ta gado da ke da yawa a tsakanin 'yan Afirka da kuma wasu sassan ƙasar nan, kuma mai ita ful, waken nan da Larabawa ke karin safe da shi, na iya farfasa masa ƙwayoyin jini. Wanda zai mayar da ful abincin kowace safiya ya kamata ya sani.

Fara daga tukunyar gida, kuma a hankali

Kada ka wayi gari ka yanke komai rana ɗaya. Masu yin haka su ne bayan sati biyu za ka tarar a layin burost suna sunkuyar da kai. Fara da naman waje da sarrafaffe, ka ba shi kamar wata guda. Sai naman miya da kaza. Sai kifi da ƙwai. Nono ka bar shi ƙarshe, domin shi ya fi ɓuya a ƙasar nan: laban bayan shinkafa, madarar shayi, cuku a sambusa, gishɗa a kan ma'asub, zabadi, wato kindirmo, a cikin kusan kowane haɗi.

Sa'ar da muka yi ita ce tukunyar Bahaushe tun asali ta tsiro ce. Garau-garau da mai da yaji, ɗan wake, ƙosai da koko, alale, faten wake, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, zoɓo: ba ɗaya da ke buƙatar dabba. Mu ne muka zo nan muka mayar da su abincin marmari, shinkafa da kaza suka zama na kullum. Rabin aikinka shi ne mayar da su kan sufura, shimfiɗar da ake cin abinci a kanta.

Wurin da ake shan wuya shi ne miya, domin matanmu da tafashen nama suke fara ta. In Hajiya ce ke girki, ko maiɗakinka, kada ka ɗora mata tukunya biyu; wannan shi ke sa a tsani tsarin naka tun bai je ko'ina ba. Roƙe ta ta juya tsarin kawai: a tafasa naman a gefe, a haɗa miyar da ruwa zalla, a ɗebe maka naka, sannan a zuba romo da nama a ta sauran gida. Ɗanɗanon da romo ke bayarwa kuwa ana samo shi ta wata hanya. A soya albasa a man gyaɗa a wuta kaɗan har ta yi ja sosai, ta kusa ƙonewa amma ba ta ƙone ba, a daka daddawa da citta da masoro da barkono, a ƙara daddawar fiye da yadda aka saba. A miyar taushe gyaɗa da kabewa sun ishe ka. A miyar kuka, inda man shanu ke zama a saman malmala, zuba cokali ɗaya na wannan man da aka soya albasa a ciki yana da zafi. Ƙamshin da zai tashi ya isa ya sa na kusa da kai ya miƙo kwanonsa. A jar miya, gasa tattasai da tumatir a kan wuta har bayansu ya yi baƙi-baƙi kafin a markaɗa. Ɗunƙulen magi kuma ka duba kwalin: mafi yawan na kantunan nan na romon kaza ne, marakat dajaj. Nemi mai rubutun marakat khudar, shi ma ka karanta bayansa.

Kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya da ƙuli-ƙuli suna zuwa ta hannun 'yan Umara da matanmu masu saye da sayarwa. Tun rusau ɗin da aka soma a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina, da yawansu sun watse, ciniki ya koma WhatsApp, amma tambaya ɗaya a gidan biki za ta haɗa ka da mai kaya. Ganye da kayan miya kuwa halaga, wato kasuwar kayan gwari, ta fi kanti araha nesa ba kusa ba; mu na Makka Ka'akiyya muke zuwa da sassafe. Farin wakenmu ana samun irinsa a shagunan hatsi da sunan lubiya, waken suya kuma ful soya.

Awara ita ce naman ɗan nabati, kuma mu a bakin titi muka san ta. Jiƙa waken suya ya kwana, a cikin firji saboda zafin garin nan yana sa shi tsami. Wanke, markaɗa da ruwa ya yi laushi, tace da ƙyalle mai tsabta. Ɗora ruwan a wuta kana juyawa, ka bar shi ya tafasa sosai, ka tsaya a kansa domin yana kumfa ya zube cikin ƙiftawar ido. Rage wuta, ka riƙa zuba ruwan tsamiya ko na lemon tsami kaɗan-kaɗan har ka ga ya tsinke, farin ya dunƙule ya taso, ruwan ya koma garai-garai. Kwashe cikin ƙyalle, sa gishiri da jajjagen attaruhu da albasa, ɗaure, ɗora abu mai nauyi na kamar awa ɗaya. Yanka ka soya ba tare da tsoma ta a ƙwai ba. Ta shiga jar miya, ta shiga kwaɗo, kuma in ka barbaɗe ta da yajin ƙuli ka gasa, tana rage kewar tsire. Ban ce tana maye gurbinsa ba.

Wake zai dame ka da kumburin ciki a makonnin farko. Jiƙa shi, zubar da ruwan jiƙon, dafa shi ya nuna luguf, ka riƙa ƙara yawansa sannu a hankali. Kanwa na sa shi saurin nuna, amma kada a cika ta. Jan waken nan na fasuliya kuwa dole ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10, domin ɗanyensa na da guba.

Koyi tambaya a bufiya, koyi karatu a kanti

Karin safe shi ne mafi sauƙi a Hijaz. Ka tsaya gaban mai ful, ya zura doguwar ludayinsa cikin jarra, ya kwaso, ya dama, sai ya ɗago kai ya ce maka zait ko samin, wato mai ko man shanu. A nan ne duk maganar take: ce masa zait zaitun. In ka yi shiru, wani samin zai kwarara maka. Tamis, burodin da ake cin ful da shi, ka ce adi, wato zalla, domin akwai mai cuku, akwai mai samin da sukari. Adas da gullaba, da suke dangin wake, su ma ka nemi na mai. Sanwicin ɗa'amiyya, ƙosan Larabawa, yakan zo da dafaffen ƙwai da mayonis in ka ce mushakkal, don haka ka ce bidun baid, bidun mayonis, a sa maka ɗahina da salak da soyayyen gauta. Mutabbal sau da yawa da zabadi ake haɗa shi, hummus kuwa galibi lafiya lau.

Da rana ka san maƙwabtanka. Wurin 'yan Pakistan da Indiya akwai dal da cana da capati, sai ka tambaya ko an sa samin. Wurin Misirawa akwai kushari. Wurin Yamalawa akwai fasuliya da adas. Wurin Habashawa ka nemi abincin azuminsu, injera da shiro, domin Kiristocinsu ba sa cin nama da nono da ƙwai in suna azumi. Abin da zai yaudare ka shi ne shinkafa. Bukhari da kabsa a romo ake dafa su, mandi kuwa kitsen naman ne ke ɗiga a kanta, salig kuma da madara da romo. Cire kazar daga sama bai mayar da ita ta nabati ba.

A kanti, juya kaya ka karanta jerin abin da ke ciki. Kalmomin da za ka nema kaɗan ne: halib da masl al-laban na madara ne, zubda da samin man shanu, baid ƙwai, jilatin daga ƙashi da fatar dabba, asal kuma zuma. Biskit da cakulan da burodi mai laushi su suka fi ɗauke da su. Madarar waken suya da ta alkamar Turawa da ake kira shufan suna nan a manyan kantuna irin su Panda da Danube. Ɗauki wadda aka ƙara wa kalsiyam da B12, marar sukari. Ta fi laban tsada, ba shakka. Kunun aya da kunun gyaɗa sun fi ta daɗi da araha, har fura ana damawa da su, sai dai ba su da waɗannan ƙarin.

Kada kuma ka ruɗi kanka. Soyayyen dankali, Pepsi, farin burodi da lugaimat duk ana samun su ba dabba a cikinsu, kuma su ne hanya mafi kusa zuwa ciwon da ka gudo.

B12 ba abin wasa ba ne

Duk wanda ya ce maka zogale ko dabino ko habbatus sauda za su ba ka B12, bai san abin da yake faɗa ba. Babu tsiron da za ka dogara da shi a kan wannan. Hanta na ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai yi shekara biyu ko uku yana ta yabon tsarinsa, sannan a hankali ya soma jin kasala, da mantuwa, da tafin ƙafa da yatsu suna yi masa kamar ana tsira allura. In aka bari ya yi nisa, lahanin jijiya ba lallai ya warke ba. Babba na buƙatar kamar maikurogiram 2.4 a rana, amma da yake jiki ba ya tsotse duk abin da aka haɗiya, ƙungiyar nan ta Ingila na ba da shawarar ƙwaya mai maikurogiram 10 kullum, ko 2000 sau ɗaya a mako. Kowace saidaliyya, wato kantin magani, na da shi. Fara sha daga ranar da ka bar nama. Mai shan metformin na suga ya ƙara kula, domin maganin kansa yana rage B12.

Sauran sun fi sauƙi. Furotin, babba na buƙatar kamar giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 70 giram 56. Kofi ɗaya na dafaffen adas na da wajen giram 18, na hummus wajen 15, na ful wajen 13. Ful da tamis da safe, wake da shinkafa da rana, awara ko miyar gyaɗa da dare, ka wuce wurin. Sinadarin ƙarfe na tsiro bai kai na nama saurin shiga jiki ba: matsa lemon tsami a kan wake da ganye, sannan ka raba abinci da shayi da kamar awa ɗaya. Na san wannan ita ce shawara mafi wuyar bi a ƙasar da ake kawo shayi tun ba a naɗe sufura ba, amma shayi da gahawa na tare shi, kuma mata su suka fi cutuwa. Kalsiyam na cikin riɗi da ɗahina da zogale da madarar da aka ƙara wa. Gishiri ka sayi mai aidin. Bitamin D kuwa, duk da ranar da ke dukan garin nan, ƙarancinsa ya yi yawa domin kowa na ɗaki cikin sanyin mukayyif. In gwaji ya nuna ka yi ƙasa, sha abin da likita ya rubuta. Jariri ba a maye masa nonon uwa da madarar waken suya ta kanti ko kunun aya, ko da wasa. Yarana ma ban sa su cikin tsarin nan ba, suna shan laban suna cin ƙwai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar azuma, wato walima

Nan ne jarrabawar gaskiya. An gayyace ka walima a istiraha, wato gidan taro, an shimfiɗa sufura, an dire tire, rago kwance a kan shinkafa, ku shida kun kewaye shi. Mai gida ya durƙusa kusa da kai, ya yago tsoka mai laushi daga kafaɗa da hannunsa, ya tura ta gabanka. Wannan tsokar girmamawa ce, kuma a idon jama'a ake ba da ita. In ka ture ta kana bayanin kajin gona, ka ci mutuncin mutumin da ya kashe kuɗinsa don ya karrama ka.

Amsa gayyata hakki ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, don haka ƙin zuwa ba mafita ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya: kira mai gidan tun kwana biyu kafin ranar. "Kawu, in sha Allahu ina nan tafe, sai dai na ɗan dakatar da nama saboda lafiyata. Kada a wahalar da kowa, salak da burodi sun ishe ni." Mafi yawan mutane da sun ji haka za su sa a ajiye maka hummus ko waraƙ inab. Ci wani abu a gida kafin ka fito. A wurin, karɓi gahawa da dabino da fara'a, zauna a tire tare da kowa, hannunka na kai da kawowa tsakanin salak da burodi da 'ya'yan itace. In tsoka ta iso gabanka, ka ce Allah Ya ƙara arziki, ka ɗan jinkirta, ka tura wa yaro ko dattijon da ke gefenka. Wannan ma al'ada ce, ba wanda zai ga baƙonta.

Sai kuma inda ni nake sassautawa, wanda na san 'yan nabati na gaske ba za su yarda da ni ba. In tsohuwa ce, Gwaggo ko Inna, ta tashi tun asuba ta yi mini tuwo da miyar da ta tafasa da ƙashi, ta zauna tana kallon bakina, ina ci. Naman nake bari, miyar kuwa ina sha, in yi mata santi. Ɓacin ranta ya fi cokali uku na romo nauyi a wurina. Kai ka zaɓi inda taka iyakar za ta tsaya, amma ka zaɓe ta tun a gida, kada ka bari sai an ajiye maka kwano.

Za a yi maka ba'a. Za a ce ka zama akuya, za a tambaye ka ko ciyawar Ka'akiyya ta yi tsada. Yi dariya tare da su. Wa'azi a kan tire ba ya shiga kunne, kuma wanda ke son sani da gaske zai same ka a gefe bayan an wanke hannu.

Azumi da layya

Ramadan ya fi yadda ake zato sauƙi. Dabino da zamzam, kunun gyaɗa ko na tsamiya, ƙosai, ful, balila da ake sayarwa a bakin titi bayan tarawihi, sambusar dankali ko ta adas, shorbar hatsi da aka ɗebe maka kafin a sa nama. A sufurar Masallacin Annabi a Madina za a ajiye maka shuraik da dugga da zabadi. Miƙa wa na kusa da kai zabadin. Da sahur ka nemi abin da ke riƙe ciki, wake ko ful ko shufan da gyaɗa, ka sha ruwa sosai.

Layya kuwa ina yi. Sunna ce mai ƙarfi a mazhabarmu ta Malikiyya, hadaya kuma wajibi ce a kan mai tamattu'i da mai ƙirani, ragon suna ma yana nan a matsayinsa. Tsarin cin abincina bai isa ya ɗage ko ɗaya ba. Wanda ba ya son yanka a gida yana iya biya ta shirin Adahi, wanda aka fara a 1983 ƙarƙashin kulawar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, a yanka a raba wa mabukata. An so mai layya ya ci daga abin da ya yanka, don haka wasu da na sani kan ɗanɗani 'yar hanta ranar Salla su koma tsarinsu washegari, wasu kuma su rabar duka. In kai za ka yanka, kaifafa wuƙa, kada ka wasa ta a gaban dabbar, kada ka yanka wata a gaban wata. Hadisin kyautata yanka na Sahihu Muslim ya riga duk wata ƙungiyar kare dabbobi.

Abin da ba na ci ba

Masu bin tsarin har ƙarshe suna barin fata da ulu da alharini da zuma. Ni takalmin fata da nake da shi zan sa shi har ya mutu, domin zubar da abu mai amfani almubazzaranci ne. In na tashi sayen sabo nakan duba na roba ko na yadi, in ban samu mai kyau ba in sayi na fata. Zuma na maye ta da dibis na dabino a abincin yau da kullum, amma in don magani ce ina sha. Maganin asibiti kuwa ba a ciniki a kansa: ko kwanson na jilatin ne, haɗiye abin da likita ya ba ka. Tausayin dabba kuma yana da wuraren da suka fi kanti kusa, kamar kwanon ruwa a ƙofar gida don kyanwowin unguwa a watannin da zafi ke haura digiri 45.

Bayan wata shida koma mustausaf da tsohuwar takardarka, a maimaita gwajin nan, a gwada. Hau sikeli kuma. In feritin ko B12 ya sauka, a gyara da ƙwaya ko allura, a sake aunawa bayan wata uku. In kana ta ramewa ba da so ba, ko gashi na zuba, ko jiri na ɗibar ka a wurin aiki, ƙara yawan abincin tukuna, musamman gyaɗa da ɗahina da wake, domin sau da yawa yunwa ce kawai: kwanon ganye bai kai kwanon kabsa nauyi ba. In an yi haka abin bai daidaita ba, mayar da ƙwai ko laban cikin cimarka, ka ci gaba da barin sauran, ka koma wurin likita da sabon sakamakon.